Hari, tsaro da Rudy Gobert: da wane ma'auni za a auna Minnesota?

Ranar 24 ga Mayun 2024, a wasa na biyu na ƙarshen yankin Yamma a gasar ƙwallon kwando ta NBA, Minnesota Timberwolves tana gaban Dallas Mavericks da maki 2, lokaci kuma ya kusa cika. Dallas ta kafa wa Luka Dončić shinge, wato abokin wasansa ya tare mai tsaronsa da jiki, masu tsaro suka yi musayar mutum, sai ga Rudy Gobert, dogon Minnesota mai tsawon mita 2.16, shi kaɗai a gaban Dončić can nesa da kwando. Dončić ya yi kamar zai kutsa, ya ja da baya, ya saki jifa mai maki 3 ana saura daƙiƙa 3. Ƙwallo ta shiga, Dallas ta ci 109 da 108.

Tun daga daren nan mutane da yawa suka yanke hukunci cewa Gobert ɗan wasan tsakiyar kaka ne kawai, da zarar an shiga zagayen fitar da gwani sai ya zama kaya a wuyan ƙungiyarsa. Ga shi kuwa makonni kaɗan kafin nan aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaro na shekara karo na huɗu, bayan na 2018 da 2019 da 2021, abin da Dikembe Mutombo da Ben Wallace ne kaɗai suka taɓa yi kafinsa. Ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. A ganina tsaron Minnesota ya yi abin da ake nema a gare shi, harinta ne ya gaza, kuma idan Gobert yana da laifi, a ɓangaren harin ne ya kamata a neme shi. Kafin a kai ga wannan sai an gyara ma'aunin da ake awo da shi.

Abin da aka fi saurin dubawa shi ne yawan makin da ƙungiya ke ci a kowane wasa da wanda ake ci mata, kuma wannan lissafi yana yaudara. Ƙungiyar da ke gudu tana jifa cikin daƙiƙa 8 za ta ci maki da yawa, a ci ta da yawa, ba don harinta ya fi kyau ko tsaronta ya fi muni ba, sai don ƙwallo ta fi yawan kai-komo. Wadda ke cinye mafi yawan daƙiƙa 24 ɗinta kafin ta yi jifa za ta bayyana kamar mai ƙarfin tsaro ko da ba haka take ba. Shi ya sa masu nazari ke ƙirga riƙon ƙwallo, wato daga lokacin da ƙungiya ta karɓi ƙwallo har ta koma hannun abokan karawa, ko ta hanyar ci, ko kuskuren jifa, ko ɓarar da ita. A wasa guda ƙungiyoyin biyu kusan riƙo ɗaya suke samu, wajen 100 kowacce a NBA ta yanzu. Sai a tambaya: a riƙo 100, maki nawa kika ci, nawa aka ci ki? Da wannan ma'auni Minnesota ce ta ɗaya a tsaro a kakar 2023-24, ana cin ta maki 108.4 a riƙo 100, ta ba Boston da ke bi mata tazarar sama da maki 2. A hari kuwa tsakiyar jerin ƙungiyoyi 30 take, ba ta cikin goman farko. Da haka ta ci wasa 56 cikin 82, ta ƙare ta uku a Yamma.

Masanin ƙididdigar ƙwallon kwando Dean Oliver ya kasa abin da ke kawo nasara gida huɗu: ingancin jifa, ɓarar da ƙwallo, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, da samun jifan kyauta. Ya ba su nauyin kashi 40 da 25 da 20 da 15. Na farkon ya fi nauyi, kuma a cikinsa aikin senta yake, wato dogon da ke tsare bakin kwando. Lissafin ba shi da wuya. Jifan da ake yi dab da kwando yana shiga wajen sau 65 cikin 100, wato maki 1.3 a kowane gwaji. Jifa mai maki 3 da ke shiga sau 36 cikin 100 yana ba da 1.08. Na tsaka-tsaki, wanda ba dab da kwando ba kuma bai kai layin nesa ba, idan ya shiga sau 42 cikin 100, maki 0.84 kawai ya bayar. Duk wata dabarar tsaro ta zamani ƙoƙari ce ta ture abokan karawa daga na farko da na biyu zuwa na uku.

Ga yadda Minnesota ke yin hakan. Mai ƙwallo ya taho, dogonsu ya fito ya kafa masa shinge a kan Jaden McDaniels, ɗan wasan Minnesota da ke tsare shi. McDaniels ba ya bi ta ƙasan shingen, ta samansa yake matsewa, ya liƙe wa mai ƙwallo a baya don kada ya samu sararin jifan nesa. Gobert kuma ba ya fitowa, baya yake ja sannu a hankali, hannu ɗaya a sama yana tsoratar da mai ƙwallo, jikinsa kuma yana tsakanin kwando da dogon da ya kafa shingen, wanda yanzu yake gangarowa. Mutum biyu yake tsarewa a lokaci guda na tsawon daƙiƙa ɗaya ko biyu, har McDaniels ya dawo gaba. Amfanin wannan yana can gefe: sauran masu tsaro uku ba sa bukatar barin mutanensu su kawo ɗauki, don haka masu jifa a kusurwa, inda layin ya fi kusa (mita 6.7 maimakon 7.24), ba sa samun sarari. Abin da ya rage wa mai ƙwallo shi ne jifan tsaka-tsakin nan mai arha, da mutum a bayansa.

Kuma doka ba ta bar Gobert ya kafa ya tsare ba. Tun 2001, mai tsaro a NBA ba ya wuce daƙiƙa 3 a cikin harabar kwando sai in yana dab da wanda yake tsarewa. Wanda ya zuba wa ƙafafun Gobert ido zai ga yadda yake shiga yana fita, yana taɓa mai wucewa don ƙidayar ta koma farko, har ya zama yana wurin daidai lokacin da ake bukatarsa. Ba a nuna wannan a taƙaitaccen bidiyon wasa, amma rabin aikin ke nan.

Saboda haka ƙirga yawan jifan da senta ya kaɗe ba ya isa. A kakar 2023-24 Gobert yana kaɗe 2.1 a wasa, Victor Wembanyama na San Antonio, ɗan ƙasarsu Faransa, yana kaɗe 3.6, amma tsaron San Antonio bai ko kusanci na Minnesota ba. Abin dubawa shi ne sau nawa abokan karawa ke kaiwa bakin kwando in yana fili, da kuma kashi nawa ke shiga in sun kai. Akwai kuma jifan da ba a yi ba sam, inda ɗan wasa ya kutso, ya ɗaga kai ya gan shi, ya juya ya mayar da ƙwallo waje ana saura daƙiƙa 6 a agogo. Ba a rubuta wa Gobert komai a takardar ƙididdiga, alhali shi ya kashe wannan riƙon.

Masu sukarsa suna da hujjar da ta fi jifan Dončić ƙarfi, ita ce ta 2021. A lokacin yana Utah Jazz, ƙungiyar da ta fi kowa nasara a kakar, wasa 52 cikin 72. A zagaye na biyu Los Angeles Clippers ta cire dogonta, ta zuba 'yan wasa biyar da duk suna jifan nesa. A wasa na shida, ba tare da tauraronta Kawhi Leonard ba, ta farfaɗo daga ratar maki 25 ta ci 131 da 119, Terance Mann ya zuba maki 39, da yawansu daga kusurwar da Gobert ke bari in ya tafi kawo ɗauki. Amma me ya sa yake barin kusurwar? Saboda masu tsaron waje na Utah ba sa iya tsayar da kowa. Ana wuce su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma sai ya zaɓa tsakanin kwando da kusurwa, duk wanda ya bari a ci ta nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Darasin da ke cikin wannan kashin shi ne ba a auna senta shi kaɗai, sai an haɗa da mutum huɗun da ke gabansa.

Tim Connelly, wanda ya karɓi ragamar harkokin wasa na Minnesota a 2022 bayan ya baro Denver, da alama haka ya karanci lamarin. Ya ɗauko Gobert a Yulin shekarar, ya sa shi a bayan McDaniels da Anthony Edwards, daga baya aka ƙaro Nickeil Alexander-Walker, dukkansu dogaye masu ƙafa. Fa'idar ta fito fili a karawarsu da Denver mai riƙe da kofi, a zagaye na biyu na 2024. Koci Chris Finch bai ɗora Gobert kai tsaye a kan Nikola Jokić ba a mafi yawan lokaci. Karl-Anthony Towns ya ba wannan aiki, Naz Reid yana karɓarsa, Gobert kuma aka ce ya tsare Aaron Gordon, wanda ba a cika jin tsoron jifansa na nesa ba a lokacin. Ma'ana an sake shi ya yi yawo a bayan Towns, duk inda Jokić ya juya ya tarar da dogo na biyu. Dabarar ba ta ci kullum ba. A wasa na biyar Jokić ya ci maki 40, ya miƙa 13 aka ci, bai ɓarar da ko ɗaya ba, kuma da yawa a fuskar Gobert ya ci su. Amma a wasa na shida Denver maki 70 kacal ta samu, a na bakwai kuma, a gidanta, tana gaba da maki 20 a zango na uku, aka tsayar da ita a 90, Minnesota ta ci 98.

Akwai wasa ɗaya a wannan karawa da ake yawan kafa hujja da shi. Gobert bai buga na biyu ba saboda an haifa masa ɗa, Minnesota kuma ta lallasa Denver 106 da 80. Sai a ce ga shi nan, ba a bukatarsa. Wasa ɗaya riƙo 100 ne kacal, kuma a riƙo 100 sa'ar jifa kaɗai tana iya karkatar da sakamako da maki 15. Hatta lissafin nan da ake yi na kwatanta ƙungiya in ɗan wasa yana fili da in yana benci yana bukatar dubban riƙo kafin a amince da shi, sannan a duba waye ke maye gurbinsa da kuma su waye yake karawa da su. Mai maye gurbin Gobert shi ne Reid, gwarzon 'yan benci na wannan shekarar, don haka ba abin mamaki ba ne ƙungiyar ta iya kwana ɗaya babu shi. Kwana ɗaya daban, wata shida daban.

Yanzu sai hari, kuma a nan gizo ke saƙar. A takarda Minnesota tana da kayan aiki a kakar 2023-24. Edwards yana cin maki 25.9 a wasa, Towns dogo ne da jifansa na nesa ke shiga sama da kashi 40, Mike Conley ma haka. Amma ƙungiya ce mai yawan ɓarar da ƙwallo, kuma in wasa ya zo ƙarshe ya matse sai harin ya daskare, kowa ya tsaya yana kallon Edwards. Gobert yana ba da maki 14 da cafka 12.9, jifansa yana shiga kashi 66 cikin ɗari. Wannan kashi 66 na iya ruɗin mutum, domin kusan duk jifan nasa a bakin kwando ne, wani ya shirya masa. A kakar 2018-19 sau 306 ya danna ƙwallo cikin kwando da hannu, abin da ya kafa tarihi a lokacin. Gudummawarsa ta gaskiya a hari ita ce shingen da yake kafawa mai faɗi, da yadda gangarowarsa ke janyo mai tsaron kusurwa ciki, da kuma ƙwallayen da yake sake cafkowa in an yi kuskure. Duk waɗannan suna da daraja, amma sun dogara da samun wanda ya san lokacin da zai cilla masa. A kakarsa ta farko a Minnesota, shi da D'Angelo Russell, mai raba ƙwallo na ƙungiyar a lokacin, ba su fahimci juna ba, Towns kuma ya yi jinyar watanni, ƙungiyar ta ƙare da nasara 42. Zuwan Conley a Fabrairun 2023, wanda suka yi shekaru tare a Utah, shi ya fara warware ƙullin.

Inda yake da rauni a bayyane yake. Ba ya jifa daga nesa, ba a ba shi ƙwallo ya juya baya ya ci da kansa, jifansa na kyauta wajen kashi 64 ne, kuma hannunsa ba ya cafke duk abin da aka cilla masa ƙasa-ƙasa. Mafi tsanani shi ne abin da ke faruwa in masu tsaro biyu suka rufe Edwards a kan shinge. Edwards ya miƙa wa Gobert a bakin layin jifan kyauta, yanzu mutum huɗu ne na Minnesota a kan uku. Irin wannan dama ce Jokić ko Draymond Green na Golden State ke mayarwa maki kusan kullum, da duba ɗaya da miƙawa ɗaya. Gobert yakan ɗan dakata, ya sa ƙwallo ƙasa, kafin ya yanke shawara masu tsaro sun dawo. Abokan karawa sun san haka, shi ya sa ba sa jin tsoron rufe Edwards da mutum biyu. Idan za a cire wa Gobert maki a awo, nan ne wurin.

Da wannan idon ya kamata a sake kallon karawa da Dallas. Gaskiya ne Dončić yana cikin 'yan ƙalilan da tsarin ja-da-baya ba ya damun su. Yana ajiye mai tsaronsa a bayansa, ya tako a hankali, in Gobert ya matso ya cilla wa dogayen Dallas, Daniel Gafford ko Dereck Lively, sama, in bai matso ba ya ɗora jifan tsaka-tsakin da ga wasu mai arha ne amma gare shi ba haka ba. Ga kuma Kyrie Irving a ɗaya gefen. Duk da haka wasa uku na farko an rasa su ne da maki 3, da 1, da 9, kuma a na biyun Minnesota ta taɓa yin gaba da 18. A waɗannan wasanni uku Towns ya gwada jifan nesa 22, uku suka shiga. Edwards ya yi ta karo da bango a bakin kwando, domin Dallas ta cunkushe harabar, ta ƙyale waɗanda ba ta tsoron jifansu. Ko bayan jifan Dončić ɗin, Reid, wanda ya riga ya zura na nesa 7 a daren, ya samu damar ƙarshe ta zame. Ƙungiyar da aka tsayar da harinta a zango na huɗu sau uku a jere ba za ta ɗora laifin duka a kan musayar mutum guda ba.

Sai dai bangon da Edwards ke karo da shi yana da alaƙa da Gobert. Lively da Gafford suna iya zama kusa da kwando ne saboda wanda suke tsarewa ba zai cutar da su daga waje ba. Makonni biyu bayan haka Boston ta nuna ɗaya fuskar a karawar ƙarshe ta gasar, tsakaninta da Dallas: Al Horford, da Kristaps Porziņģis a wasannin da ya samu bugawa, suna tsayawa bayan layin nesa, dole dogayen Dallas su fito, hanya ta buɗe wa Jaylen Brown da Jayson Tatum. A tsaro kuma Boston tana musayar mutum ba tare da ta aika ɗauki ba, cillawar saman nan ta kusan ɓacewa. Ta ɗauki kofi da ci 4 da 1. Wannan ba ya nufin Horford ya fi Gobert. Yana nufin akwai abokan karawar da ke bukatar wani irin dogo dabam, kuma ƙungiyar da ke neman kofi sai ta wuce huɗu a jere, kowacce da irin tata matsalar.

Farashi ma yana cikin awo. Minnesota ta ba Utah 'yan wasa biyar, har da Walker Kessler da ta ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar, da zaɓinta na zagayen farko na 2023 da 2025 da 2027 da 2029, da damar musayar na 2026. An yi ta cewa an yi mata wayo. Amma tun kafa ƙungiyar a 1989 sau ɗaya tak ta taɓa kaiwa ƙarshen yanki, a 2004 zamanin Kevin Garnett, sai ga shi ta kai sau biyu a jere. Ni a wurina cinikin ya biya, ko da yake ya ɗaure mata hannu. Sabuwar yarjejeniyar albashi ta 2023 ta tsaurara hukunci a kan ƙungiyoyin da suka wuce gona da iri wajen kashe kuɗi, kuma biyan dogaye biyu manyan albashi tare da Edwards ya zama abu mai wuya. A Oktoban 2024 aka tura Towns New York Knicks, aka karɓo Julius Randle da Donte DiVincenzo.

Kakar da ta biyo baya ta maimaita hoton ta fuskoki biyu. A zagayen farko na 2025 Los Angeles Lakers, wadda Dončić ya koma, ta gwada dabarar Clippers, ta buga wasa na biyar ba tare da senta na gaske ba. Gobert ya ci maki 27, ya cafke 24, Minnesota ta kammala da su. Wato in za a cire dogo don a fitar da shi waje, akwai kuɗin da ake biya a ƙarƙashin kwando, matuƙar abokan wasansa sun ba shi ƙwallo kuma masu tsaron waje sun riƙe nasu. Ta wuce Golden State, ta sake kaiwa ƙarshen Yamma, ta haɗu da Oklahoma City, ƙungiyar da ta ƙware wajen ƙwace ƙwallo, mai dogaye biyu, Chet Holmgren da Isaiah Hartenstein. An fitar da Minnesota 4 da 1. A wasan ƙarshen, wanda aka tashi 124 da 94, maki 32 kaɗai ta iya ci kafin hutun rabin lokaci.